Rabon Zangon Iska Tsakanin Talabijin da Intanet: Gwanjon Amurka na 2016

Mai sauraron rediyo a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga kalmar zango. Ya saba jin mai shela yana cewa za a kama gidansu a kan mita 25 ko mita 31 a gajeren zango, ko kuwa a kan mita kaza a matsakaicin zango. Asalin kalmar ta fatake ce, watau masaukin ayari, da kuma nisan da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. Masu aikin rediyo suka are ta, aron kuwa ya yi daidai, gama abin da a ke aunawa da mitocin nan shi ne nisan da ke tsakanin tozon igiyar rediyo ɗaya da tozon wadda ke biye da ita. Amma kaɗan ne daga cikin masu saurare suka taɓa tambaya wane ne ya ba gidan rediyon wannan mita, bisa wane sharaɗi, kuma ko a kan iya karɓe ta a ba wani.

Tambayar nan ta zama babba tun sa'ad da wayar hannu ta fara ɗaukar intanet, domin zangon da ta fi bukata yana hannun gidajen talabijin tun da daɗewa. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ƙasar Amurka ta yi da wannan al'amari, musamman gwanjon da ta yi daga 2016 zuwa 2017, inda hukuma ta biya gidajen talabijin kuɗi mai yawa don su mayar mata da abin da doka ta ce ba nasu ba ne tun asali. Daga ƙarshe za a duba inda maganar ta taɓa Nijeriya.

Abin da a ke rabawa

Igiyar rediyo tana tafiya da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Bambancin wata igiya da wata shi ne yawan kaɗawarta. Wadda ta ke kaɗawa sau miliyan a daƙiƙa a kan ce tana kan megahaz 1. In an raba 300 da yawan megahaz, sai a sami tsawon zangon a mita. Sabo da haka mita 25 na gajeren zango ya yi daidai da kimanin megahaz 12, igiyar megahaz 600 kuwa zangonta rabin mita ne kacal.

Kowane mai watsa labari yana bukatar yanki mai faɗi daidai da nauyin abin da zai aika. Murya ba ta cin wuri da yawa, amma hoto mai motsi yana ci. A Amurka an yanka wa kowane gidan talabijin megahaz 6. A Turai da Afirka, a zangon da a ke kira UHF, megahaz 8 ne. Wannan yanki shi za a riƙa kira gurbi a nan, don a raba shi da gidan talabijin ɗin kansa, tun da ya ke kalmar tasha a bakin mutane tana ɗaukar ma'anonin duka biyu. In gidaje biyu na kusa da juna suka yi amfani da gurbi ɗaya, ba mai ganin ko ɗayansu, sai hazo da ƙara. Wannan ita ce hujjar farko ta sa hannun hukuma.

Ba dukkan zanguna ne darajarsu ɗaya ba, kamar yadda fadama da tudu ba ɗaya su ke ba ga manomi. Igiya mai ƙarancin kaɗawa tana kai wa nesa, tana ratsa bango, amma tana son eriya doguwa wadda ba ta shiga aljihu. Mai yawan kaɗawa, kamar ta megahaz 3,500, tana ɗaukar kaya da yawa, amma ba ta nisa, bango kuma ya kan raunana ta, sai an kafa turakun sadarwa kusa da kusa. Tsakanin megahaz 600 da 900 ne a ke samun alherin duka biyu: eriya ƙarama, turke ɗaya kuma ya wadaci ƙauyuka masu yawa. Fadamar ke nan, kuma a cikinta talabijin ya riga kowa kafa bukka.

Amana, ba mallaka ba

Dokar rediyo ta farko mai ƙarfi a Amurka an yi ta cikin 1912, 'yan watanni bayan nitsewar jirgin ruwan nan Titanic, sa'ad da aka ga yadda cunkoson masu wayar iska ke dagula saƙonnin ceto. Cikin 1926 wata kotu ta yanke cewa Sakataren Ciniki, Herbert Hoover, ba shi da ikon tilasta wa gidan rediyo zama a kan mitar da ya ba shi. Nan take gidaje suka shiga tsallaka iyakokin juna, kowa yana ƙara ƙarfin na'urarsa don ya danne maƙwabci. Majalisa ta yi doka cikin 1927, sa'an nan ta yi wata mafi faɗi cikin 1934 wadda ta kafa Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wadda a ke kira FCC. Dokar 1934 ta faɗa sarai cewa lasin yana ba mutum damar amfani da gurbi na ƙayyadadden lokaci, bai ba shi mallaka ba, kuma sharaɗin riƙonsa shi ne ya yi aikin da zai amfani jama'a.

Mai karatu da ya san dokar ƙasa ta Arewacin Nijeriya zai ga kama a nan. Tun daga dokar 1910, zuwa ta 1962, zuwa ta 1978 wadda ta game tarayya duka, ƙasa amana ce a hannun hukuma, mai gona kuwa haƙƙin zama da mora ya ke da shi. Amma kowa ya san wanda ya shekara hamsin yana noma wuri, ya dasa itatuwa, 'ya'yansa suka gāda, ba a tashe shi da takarda kurum ba. Haka ya faru ga talabijin. Lasin a kan sabunta shi kusan ba tare da gardama ba, a kan sayar da gidajen da lasin ɗinsu bisa yardar hukuma, har aro ya ɗauki kamannin gado.

Yadda talabijin ya sami wuri mai yawa haka kuwa, ga shi. Cikin 1948 FCC ta dakatar da ba da sabon lasin, domin gurabe goma sha biyu da a ke da su, daga na 2 zuwa na 13, sun kasa. Da ta janye dakatarwar cikin 1952 sai ta ƙara gurabe 70 a zangon UHF, daga na 14 zuwa na 83, watau daga megahaz 470 zuwa 890. A lokacin ba wanda ya yi ƙyashi sosai, gama wurin daji ne. Akwatunan mutane ma ba su iya kama shi ba, sai da aka yi doka cikin 1962 wadda ta tilasta wa masu ƙera akwati su sa masa abin kama UHF. Har wa yau, sabo da raunin akwatunan zamanin, ba a iya jera gidaje a gurabe masu maƙwabtaka cikin gari ɗaya. Galibi sai an bar gurabe biyar fayau tsakanin wannan gida da wancan. Burtalin ya fi gonar faɗi. Gurbi na 37 kuma an keɓe shi tun 1963 ga masana taurari masu sauraron sararin sama, ba a taɓa watsa talabijin a kansa ba a ƙasar.

Yanka na farko da aka yi wa wannan fili shi ne na gurabe 70 zuwa 83. An yanke shawarar ba da su ga rediyon motoci da makamantansu cikin 1970, kuma a cikinsu ne wayar hannu ta fara aiki a birnin Chikago cikin 1983.

Shawarar gwanjo

Cikin 1959 wani masanin tattalin arziki haifaffen Ingila, Ronald Coase, ya rubuta maƙala a kan FCC, yana bin sawun wani ɗalibin shari'a, Leo Herzel, wanda ya fara kawo maganar cikin 1951. Hujjarsa ita ce ƙarancin abu ba dalili ba ne na a riƙa raba shi kyauta ga wanda kwamiti ya ga dama, gama ƙasa ma ba ta da yawa, amma farashi ke nuna wanda ya fi bukatarta. Ya ce a fayyace iyakar haƙƙin kowa, sa'an nan a sayar ga wanda ya fi taya. Da ya bayyana gaban hukumar, wani kwamishina ya tambaye shi ko wasa ya ke yi.

An shekara 34 kafin majalisa ta yarda. A tsakani an gwada zaman tantancewa, wanda ya kan ci shekaru da kuɗin lauyoyi, an kuma gwada ƙuri'a, wadda ta sa mutanen da ba su san komai a kan waya ba suka riƙa cin lasin suna sayarwa washegari. Cikin 1993 aka ba FCC ikon gwanjo, ta fara cikin 1994. Coase ya sami kyautar Nobel cikin 1991. Paul Milgrom da Robert Wilson, waɗanda suka taimaka wajen tsara yadda gwanjon zai gudana, suka sami tasu cikin 2020. Sai dai gwanjo yana da sauƙi ne in filin ba kowa. Wahalar ita ce yadda za a yi da wanda ke zaune a ciki.

Sauya tsarin watsawa

Abin da ya fara buɗe hanya shi ne tsarin dijital. A tsohon tsari gurbi ɗaya shiri ɗaya ya ke ɗauka. A sabon tsari a kan mai da hoto lambobi, a matse su, har gurbi ɗaya ya ɗauki shirye-shirye da dama, kuma gurabe su kan iya zama kafaɗa da kafaɗa ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba. Watau gidajen da ke akwai duka za su iya shiga wuri mafi ƙanƙanta, a sami saura.

Amma ba a iya kashe tsohon tsari rana ɗaya, tun da ya ke akwatunan da ke gidajen mutane ba su fahimtar sabon. Sabo da haka bayan dokar 1996 aka ara wa kowane babban gidan talabijin gurbi na biyu kyauta, ya riƙa watsawa ta hanyoyi biyu har jama'a su shirya. Sanata Bob Dole da waɗansu sun soki wannan, suna cewa kyautar dukiyar jama'a ce ga masu hali. An sa ƙarshen 2006 ya zama ranar mayarwa, amma da sharaɗin sai kashi 85 cikin 100 na gidajen kowane yanki sun iya kama sabon tsari, sharaɗin da ya mai da ranar ta zama ba rana ba. Daga baya majalisa ta tsai da 17 ga Fabrairu 2009 ba sharaɗi. Ta kuma ware dala biliyan 1.5 (biliyan shi ne miliyan dubu) don a ba kowane gida takardar rangwame biyu, kowace ta dala 40, ta sayen dikoda mai fassara sabon tsari ga tsohon akwati. Kuɗin ya ƙare kafin masu nema su ƙare, aka ƙara dala miliyan 650, aka ɗage ranar zuwa 12 ga Yuni 2009. Ran nan manyan gidaje suka kashe tsohon tsari.

Ya kamata a lura da wannan batu na dikoda, domin shi ne ƙashin bayan aikin duka. A lokacin galibin gidajen Amurka ta waya ko ta tauraron ɗan Adam su ke samun talabijin, sauyin bai taɓa su ba. Waɗanda suka dogara ga eriya su ne tsofaffi, da masu ƙaramin ƙarfi, da mutanen karkara, da baƙi masu kallon shiri da harshensu. Gwamnati ta gane ba za ta sami filin ba sai ta sallami waɗannan.

Abin da aka samu shi ne gurabe 52 zuwa 69, megahaz 108, daga 698 zuwa 806. An keɓe wani sashe ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu agaji, waɗanda harin 11 ga Satumba 2001 ya nuna rediyoyinsu ba su jin juna. Babban gwanjon sauran an yi shi cikin 2008, ya kawo kimanin dala biliyan 19, kamfanonin Verizon da AT&T ne suka kwashi mafi yawa, a kansa kuma suka gina intanet ɗinsu na wayar hannu mai sauri.

Gwanjo mai fuska biyu

Ba a daɗe ba aka ce wannan ma bai isa ba. Wayoyin zamani masu kallon bidiyo sun yawaita, kuma cikin Maris 2010 FCC ta fitar da shirinta na yaɗa intanet a ƙasa, inda ta nemi a samo megahaz 500 cikin shekara goma, 120 daga ciki daga hannun talabijin. A wannan karo ba wata sabuwar dabara da za ta matse gidajen. Sai dai waɗansu su tashi.

Bisa doka hukuma tana iya ƙin sabunta lasin. Amma gidajen talabijin suna da ƙarfi a majalisa, tun da ya ke kowane ɗan majalisa yana bukatar gidan garinsu lokacin zaɓe, kuma shari'a za ta ci shekaru. Sai aka zaɓi a saya. Dokar Fabrairu 2012 ta ba FCC ikon yin gwanjo biyu a haɗe: a ɗaya gidajen talabijin su ne masu sayarwa, hukuma ce mai saye, a ɗayan hukuma ce mai sayarwa, kamfanonin waya su ne masu saye. Ba a tilasta wa kowa shiga. Ciniki kuwa ba zai faɗa ba sai abin da kamfanonin waya suka taya ya isa biyan gidajen talabijin, da kuɗin kwashe waɗanda suka rage zuwa sababbin gurabe, wanda aka ƙayyade dala biliyan 1.75, da kuɗin gudanar da gwanjon. Hukuma ta zama dillali ke nan, abin da ya saura shi ne la'adar baitulmali.

Gida mai son sayarwa yana da zaɓi: ya rufe ɗungum, ko ya ba da gurbinsa ya shiga na wani su raba, ko ya koma ƙananan gurabe na VHF waɗanda masu waya ba su so. Tayin kuwa daga sama ya ke farawa yana sauka. An buɗe da farashi mai tsoka, mafi girma dala miliyan 900 ga wani gida a birnin Niyu Yok, a kowane zagaye sai a rage. Wanda ya ga farashin ya sauka ƙasa da darajar gidansa a idonsa sai ya ce albarka, ya fita, hukuma ta nema masa gurbi cikin waɗanda suka rage. Kafin a rage wa kowane gida tayi sai an bincika: in wannan ya fita, akwai inda za a sa shi ba tare da ya ɓata wa maƙwabtansa ba? In babu, lalle sai an saye shi, sai a tsai da farashinsa a nan. Wannan bincike lissafi ne mai wuyar gaske, gama gidaje wajen dubu biyu ne, motsa ɗaya yana taɓa goma, kuma akwai na Kanada da Meziko a bakin iyaka. Masana kwamfuta na Jami'ar British Columbia, ƙarƙashin Kevin Leyton-Brown, su ne suka ƙera manhajar da ta riƙa ba da amsa cikin daƙiƙoƙi.

An fara ran 29 ga Maris 2016, da nufin a kwashe megahaz 126, watau gurabe 21. Gidajen talabijin suka tsaya a kan dala biliyan 86.4, kamfanonin waya suka taya kimanin biliyan 23. Ciniki bai faɗa ba. Aka rage buri zuwa megahaz 114, kuɗin sallama ya sauko zuwa biliyan 54.6, aka rage zuwa 108, ya zama biliyan 40.3, duk bai haɗu da tayin masu saye ba. A mataki na huɗu aka nemi megahaz 84, gurabe 14, sai kuɗin ya faɗo zuwa biliyan 10.05, masu saye kuwa suka kai biliyan 19.8. Aka sanar da sakamako cikin Afrilu 2017.

Faɗuwar nan daga 40 zuwa 10 ita ce abu mafi koyarwa a gwanjon duka. Rage megahaz 24 kurum ya zubar da kashi uku cikin huɗu na farashi. Dalili shi ne farashin gida ba darajar shirye-shiryensa ya ke nunawa ba, sai dai yadda ya tare hanya. Muddin hukuma ba ta da inda za ta sa shi, shi ke da ta cewa. Da zarar an sami wurin ajiye shi, ƙarfinsa ya ƙare. Waɗansu 'yan kasuwa sun hango haka tun da wuri, suka sayi ƙananan gidaje marasa masu kallo a gefen manyan birane, ba don su watsa komai na kirki ba, sai don su zauna a bakin hanya har ranar gwanjo.

Gidaje 175 ne aka biya. Mafi tsoka shi ne dala miliyan 304 ga wani gidan shirye-shiryen addinin Kirista kusa da Chikago. Jihar New Jersey kuma ta sami miliyan 332 a kan gidajenta biyu na gwamnati. Mafi yawan waɗanda suka ba da gurabensu ba su bar aiki ba, sun shiga gurbin wani ne, sun kuma riƙe haƙƙin da doka ta ba su na a ɗauke su a talabijin na waya. A ɓangaren masu saye, T-Mobile ya biya kimanin biliyan 8, Dish biliyan 6.2, Comcast biliyan 1.7, Verizon, wanda a ke zaton yana cikin masu ƙishirwa, bai taya ko sisi ba. Daga megahaz 84 ɗin, 70 aka sayar, 14 aka bari na burtali da na ƙananan na'urori marasa lasin. Fiye da dala biliyan 7 ya shiga baitulmali. Gidaje 987 da ba su sayar ba aka sauya musu gurbi, aikin da ya ɗauki wata 39 ya ƙare cikin Yuli 2020, da hawa dogayen turaku ana sauke eriya mai nauyin tan da yawa. Kuɗin da aka ware bai isa ba, majalisa ta ƙara biliyan 1 cikin 2018. Daga gurabe 70 na 1952, talabijin ya koma 23, daga na 14 zuwa na 36.

Masu yabon gwanjon suna cewa ya gama cikin shekara takwas, daga doka zuwa kwashewa, abin da ƙarfin hukuma kaɗai zai ɗauki fiye da haka, ba a kuma ƙwace wa kowa ba. Wannan gaskiya ne, kuma hujja ce mai nauyi, domin kowace shekara da fadama ta kwana ba a noma ta ba hasara ce ga masu amfani da waya. Amma ya wajaba a kira abin da sunansa: biliyan 10 ɗin nan ba kuɗin gurbi ba ne, tun da gurbin na jama'a ne; kuɗin sayen lokaci ne daga hannun wanda ke da ikon jinkirtawa. Kuma wanda ya ga an biya maƙwabcinsa a kan aro, da wuya ya sake mayar da nasa kyauta.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata kasuwar ba. Ƙananan gidaje masu raunin lasin, da na'urorin da ke maimaita shiri zuwa ƙauyukan bayan duwatsu a yammacin ƙasar, doka ba ta ba su damar sayarwa ba, ba ta kuma lamunce musu sabon gurbi ba. Su ne ke kai talabijin ga waɗanda ba su da kuɗin biyan wata-wata. Sai cikin 2018 aka sa su cikin masu karɓar kuɗin ƙaura. Talabijin na iska da zarar an sayi akwati da eriya kyauta ne, kuma ko mutum miliyan ne ke kallo bai ƙara wa mai watsawa nauyi ba. Intanet na waya kuwa kowane mai kallo da nasa kaso, da nasa kuɗin data. Gwanjo ya iya auna abin da kamfani zai biya, bai iya auna wannan ba.

Inda maganar ta taɓa Nijeriya

Igiyar rediyo ba ta san iyakar ƙasa ba, sabo da haka manyan rabe-rabe a kan yi su ne a Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda aka kafa cikin 1865, mazauninta kuma yana Janiba. A can ne cikin 2006 ƙasashen Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu cewa daga 17 ga Yuni 2015 ba za a ƙara kare tsohon tsarin talabijin na UHF daga katsalandan na maƙwabta ba. Taron 2007 ya buɗe megahaz 790 zuwa 862 ga wayar hannu a wannan yanki. A taron 2012 ƙasashen Afirka da na Larabawa ne suka matsa aka ƙara 694 zuwa 790, abin da ya zo wa Turai ba shiri. Hujjarsu a fili ta ke: gidajen talabijin ɗinsu a wannan zango ba su da yawa, wayar ƙasa kuma ba ta kai ko'ina ba, intanet ɗin mafi yawan mutanensu ta iska zai zo ko kuwa ba zai zo ba.

Talabijin ya fara a Nijeriya a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959, ya iso Kaduna cikin 1962. Cikin 1992 aka kafa hukumomi biyu dabam, NBC mai kula da gidajen watsa labarai, da NCC mai kula da sadarwa, alhali kuwa a Amurka hukuma ɗaya ce ke riƙe da duka biyun. Ƙasar ta san gwanjo, gama ta hanyarsa ta ba da lasin wayar hannu cikin Janairu 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma cikin Disamba 2021 ta sayar da zangon megahaz 3,500 ga MTN da Mafab a kan dala miliyan 273.6 kowanne. Amma sauya tsarin talabijin ya yi ta jinkiri. An sa Yuni 2012, ya wuce. 2015 ta wuce. 2017 ta wuce. Cikin 2015 NBC ta ba MTN wani sashe na zangon 700 a kan naira biliyan 34 don ta sami kuɗin aikin, abin da ya tayar da gardama a kan ko wace hukuma ce ke da ikon sayarwa. An ƙaddamar da sabon tsari a Jos ran 30 ga Afrilu 2016, sa'an nan Abuja, da Ilori, da Kaduna, da Inugu, da Oshogbo, sai Legas da Kano cikin 2021.

Bambancin ƙasashen biyu a nan ya ke. A Amurka mai tare hanya shi ne mai lasin, an kuwa san sunansa da farashinsa. A Nijeriya gidaje da yawa na gwamnatin tarayya ne ko na jihohi, ba sai an saye su ba; abin da ke tare hanya shi ne akwatin da ke ɗakin magidanci, wanda zai zama allo baƙi ranar da aka kashe tsohon tsari in ba a sa dikoda a hannunsa ba. Ƙaddamar da sabon tsari daban, kashe tsohon daban, kuma na biyun ne kaɗai ke sakin gurbi.

Sauran zangon, daga megahaz 470 zuwa 694, taron ITU da aka yi a Dubai cikin 2023 ya bar wa talabijin fifiko a kansa a yankin Turai da Afirka, ya kuma sa a sake duba maganar a taron 2031.